Tsallen Amanar Malam Hambali

Wani mutum ne a Dawanau, Malam Hambali, manajan wani kamfanin matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli. Ni kaina na yi aiki a ƙarƙashinsa, ina ɗura mai a jarka, don haka ba ji na yi ba, gani na yi da idona. Bawan Allah nan in ya fara cika baki, ko injin matsa sai ya rage ƙara. Shi ne bai taɓa makara ba tun ranar da aka haife shi. Shi ne bai taɓa ɗaukar ko tsinken sakacen wani ba.

Ana nan sai mai kamfanin, Hajiya Ladidi, ta tura shi bita ta kwana uku a Kaduna. Wayyo mu! Ya dawo da satifiket da jaka mai rataya, har tafiyarsa ta canja.

Washegari ya tara mu a tsakar kamfani. Ya gyara murya ya ce, "Kamfanin da ma'aikatansa ba su da ɗabi'u na bai ɗaya ba kamfani ba ne, tashar mota ce. Yau za mu zaɓi namu tare. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, kada wanda ya ji kunya."

Isuhu mai inji ya ɗaga hannu. "Yallaɓai, ni dai a gyara mana fanka."

Iya Tabawa, dattijuwar da ke tsintar gyaɗa tun kafin a sa wa kamfanin rufi, ta ce, "Ni ɗabi'ar da nake so, ɗana, a daina yi mana tsawa."

"Madalla!" in ji Malam Hambali. "Kun gani? Ashe bakinmu ɗaya!"

Sai ya fizge wani ƙyalle daga bango, fat! Ga allo ƙato, fentin ma ya bushe tun jiya. An rubuta: AMANA. GASKIYA. DOKA ƊAYA GA KOWA, DAGA MAI SHARA HAR MANAJA.

Isuhu ya duba allon sama da ƙasa, ya ce da ni a hankali, "Ka ga fanka a ciki?"

Da a nan abin ya tsaya, da mun gode Allah. Ina! Malam Hambali ya ce a bita an koya musu ɗabi'a ba a bango ake barinta ba, sai ta shiga jikin ma'aikaci. Nan ya fito da abin da ya sa wa suna tsallen amana. Kullum ƙarfe biyar, lokacin tashi, sai mu yi layi a bakin ƙofa a kan siminti. Kowa ya yi tsalle uku. Na farko ka ce "Amana!" Na biyu "Gaskiya!" Na uku "Doka ɗaya!" In ka ɓoye gyaɗa a jikinka, ai za ta faɗo da kanta.

Ku dubi ƙattai da gemu suna dira, tim, tim, tim. Har masu dako na kasuwa suka riƙa ajiye kaya suna zuwa kallo kyauta.

Rannan Iya Tabawa ta yi nata tsallen, sai ƙwaya uku suka faɗo daga lanƙwasar zaninta. Ƙwaya uku fa! Mace ta wuni cikin gyaɗa har wuya, ai ko a gashin ido za ta maƙale. Amma Malam Hambali ya miƙe kamar ya kama ɗan fashi. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a kwalba, ya ɗora a kan teburinsa. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ya ce, "Ka ga abin da rashin amana ke jawowa." Wallahi abin ya yi mini ciwo. Iya kuwa ƙwafa kawai ta yi.

Shi fa? Yana kan kujera da rajista a hannu. Wai gwiwa ke damunsa, likita ya hana shi tsalle.

Mu dai mun lura da wani abu. Da safe Malam Hambali zai shigo da ƙafafu sirara kamar na zalɓe. Da yamma, in ya shiga sito "duba kaya" ya fito, sai ka ga wandon ya cika tam, yana tafiya a tattale. Matarsa kuma tana sayar da soyayyar gyaɗa a kwalabe, alhali ba wanda ya taɓa ganinta a layin masu awo. Amma wa zai buɗe baki? Kowa na son abincinsa.

Sai labari ya zo Hajiya za ta buɗe sabon reshe a Gumel, kuma wanda za ta ba shugabancinsa har da mota. Malam Hambali ya daina barci. Kullum yana kan waya: "Ranki ya daɗe, na gyara kamfanin nan tas. Ki zo ki ga ɗabi'a tana tafiya da ƙafarta." Hajiya ta ce to, tana nan tafe ranar Alhamis.

Ta zo ranar Laraba. Wai Alhamis tana da biki.

Biyar saura kwata motarta ta shigo, daidai lokacin da Malam Hambali ke fitowa daga sito, a tattale. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, ƙut. Amma da ya hangi sabon makullin mota a hannun Hajiya, nan take ya warke.

"Ranki ya daɗe, kin zo a kan gaɓa! Ku yi layi! Maza!"

Muka yi layi. Tim, tim, tim. "Amana! Gaskiya! Doka ɗaya!" Ko ɓawo bai faɗo ba. Hajiya ta riƙe baki tana dariya. Da aka zo kan Isuhu, ya ɗaga sama kamar zai taɓo kwanon rufi.

"Kai, masha Allah!" in ji Hajiya. "Wannan bawan Allah ya iya tsalle."

To, kun san Malam Hambali. A yabi wani a gabansa? Ai gara a mare shi.

"Wannan?" ya ce. "Ranki ya daɗe, wannan ai wasan yara ne. Ni da kike gani, ni ne zakaran tsalle na makarantarmu shekara biyar a jere. Na taɓa tsallake jaki da mangalarsa, mai jakin yana kai!"

"Allah?"

"Ko yanzu ma jikin bai manta ba."

Hajiya ta juya ta karanta allon nan a hankali, har ƙasa. "Daga mai shara har manaja. Kai, wannan layin ya burge ni. To, Malam Hambali, bismillah. Shugaban da zan kai Gumel ina so in ga yana yin abin da yake sa mutane." Ta kaɗa makulli, cakal-cakal.

Gumi ya karyo masa. "Ranki ya daɗe, wato, gwiwar..."

"Wace gwiwa? Ba yanzu ka ce jikin bai manta ba?"

Ya dubi makulli. Ya dubi siminti. Ya sake duban makulli. Ya tako tsakiyar fili a tattale, ya ɗan ɗaga dunduniya, ya ce da wata siririyar murya, "Amana."

Ƙwaya ɗaya ta gangaro daga ƙafar wando, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ya yi wuf ya take ta.

"Haba zakara," in ji Hajiya. "Wannan ai ɗage ne. Yi irin na jakin nan."

Malam Hambali ya rufe ido, ya tattara ƙarfi, ya yi sama. "Gaskiya!"

Tim! Sai muka ji ɓarrrat! Ashe dogayen aljifai tela ya ɗinka masa a cikin wandon, tun daga ƙugu har idon sawu, kuma ɗinkin ya gaji. Gyaɗa ta ɓalle ta ƙafa biyu, yarrrrr! Tana zuba, wandon yana ramewa. Tana zuba, tantabarun kasuwa suna sauka. Kafin ka ce me, manaja yana tsaye cikin tsibi har ƙwauri.

Kowa ya zuba masa ido. Sai kukan tantabaru.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "samfur ne. Gida zan kai in gwada ingancinta."

Hajiya ta dubi tsibin gyaɗar. Ta buɗe jaka, ta jefa makulli, ta ja zif, zuuut. Malam Hambali ya zaro ƙafa daga tsibin, ya fara sulalewa wajen ƙofa.

"Manaja, ɗana."

Iya Tabawa ce. Ta nuna allo da haɓa.

"Saura ɗaya."

Ya dubi Hajiya, ko za ta cece shi. Hajiya ta naɗe hannu ta ce, "Doka ɗaya."

Ya dawo. Ya yi tsallen da ko kwaɗo zai raina. Amma hular ta riga ta jiƙe da gumi, ta zame, ta faɗi, fal! Ƙuli-ƙuli ya watse daga cikinta, wani ya gangara har gaban takalmin Hajiya.

Iya Tabawa ta shiga ofis a nutse, ta fito da kwalbar nan mai ƙwaya uku. Ta ɗaga ta sama, ta dubi tsibin, ta sake duban kwalbar, ta girgiza kai.

"Isuhu," ta ce, "kwalbata ba za ta ɗauki amanar manaja ba. Kawo buhu."