Fitilar da Ta Jefa Ni a Duro

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da wata fitila, wadda na saya da gumina, ta zubar mini da mutunci a gaban mutanen gidanmu kaf ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma abin haushin shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifin.

Lokacin muna ci-rani a ƙasar waje, muna haya a wani babban gida a unguwar Nkembo, Hausawa ne zalla, na Najeriya da na Nijar da na Kamaru. Darajar kuɗin Sefa ta riga ta karye, kasuwa ta yi sanyi, sai kuma jandarmomi, wato jami'an tsaron ƙasar, suka shiga kamen baƙi marasa takardar zama. Da asuba ake zuwa, mota ta shigo layi a hankali, kafin ka laluɓo takalmi an ƙwanƙwasa ƙofa. Ni kuwa takardata lafiya lau take, kuma ina jin Faransanci (na kasuwa dai, amma in ina yi ina ɗaga murya, sai a ɗauka na makaranta ne). Saboda haka da aka yi taron gida, ni na miƙe na bugi ƙirji na ce, “Duk ranar da suka zo, ni zan tsaya a bakin ƙofa in ja su da magana, marasa takarda su samu su sulale.” Aka yi ta sa mini albarka, aka naɗa ni kakakin gida. Daga ranar ko ƙosai na je saya wajen Inna Dudu, wata tsohuwa 'yar Garwa da ke suya a ƙofar gidan, sai ta ƙara mini gyara.

A taron nan aka hana agogo mai ƙararrawa, aka hana buga ƙofa don tashin sallah, domin a firgice mutane suke kwana. To ni barcina nauyi gare shi. Matata Saude ta ce ta gaji da jijjiga ni kamar buhun gawayi. Kwana huɗu a jere ina makara, har limamin gidanmu ya fara tambayar ko lafiya. Kakakin gida guda, wanda zai tari kame da asuba, sai rana ta fito yake tashi? Ai da kunya.

Ana haka na ji wani Bature a unguwar Louis zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayan ɗakinsa. Shi ya nuna mini fitilar. Ya ce ba ta ƙara ko kaɗan, lokaci kawai za ka saita mata, ta fara da ɗan ja kamar garwashi, ta yi ta ƙaruwa har ɗaki ya haskake, jikinka ya farka da kansa cikin natsuwa. Natsuwa fa ya ce. Allah ya isa tsakanina da kalmar nan.

Na kawo ta gida ina ƙafafa. Saude ta kalle ta ta ce, “Allah ya sa ta fi ni sa'a, Baban Ummi.” Na jona ta, na ajiye a kan taga bayan labule don kada ta dami yara, na saita, na kwanta.

Ta yi aikinta kuwa, wannan ba zan zalunce ta ba. Na buɗe ido na ga haske yana ratso labule, yana hawa bango, yana ƙaruwa a hankali a hankali. Ku faɗa mini tsakani da Allah, a wancan zamanin, wane haske ne ke ƙaruwa a taga da asuba in ba na motar kame ba? Ban tuna da fitila ba. Ban tuna da takardata da ke ƙarƙashin matashi ba. Alkawarin tsayawa a ƙofa kuwa, ko inuwarsa ba ta gifta mini ba. Na ƙwalla ihu, “Sun zo!” Na tsallake Saude, na fita tsakar gida daga ni sai gajeren wando, na auka cikin duron da muke tarar ruwan sama, ruwa har wuya.

Gida ya hargitse. Masu haura katanga na yi, masu shiga ƙarƙashin gado na yi. Isuhu tela, mutumin Maraɗi, ya dira daga katanga ya gurɗe ƙafa, a haka ya samu mota bai tsaya ba sai garin Ntoum. Kwanansa uku a can.

Ina cikin duro na ji an zare sakata. Inna Dudu ce, wadda ita kanta ba ta da takarda, ta ajiye ƙullun wakenta ta je ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, don sauran su samu lokaci. Ta duba gabas ta duba yamma, layi fayau, babu ko kare.

Can sai ga Saude a kaina, ta cire fitilar daga soket ta riƙo ta a hannu, mutane na fitowa ɗaya bayan ɗaya suna taruwa a bayanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Baban Ummi, fito. Ga jandarmomin naka na kamo maka.”

Fitar ma ta gagara, gwiwoyina sun maƙale a cikin duron. Sai da maza biyu suka kwantar da duron, na kwararo tare da ruwan a gaban liman.

Na so in kare kaina a taron da aka yi da yamma. Na ce ai ko ba komai an gwada shiri, yanzu kowa ya san inda zai bi. Liman ya yi gyaran murya ya ce, “Malam, mun gode da ƙoƙari. Daga yau Inna ce a ƙofa.” Abin da ya fi ƙona mini rai, da aka ce a ɗaga hannu, hannun matata ne ya fara tashi. Nawa ne na ƙarshe, domin ni ma na san gaskiya.

Tun daga ranar na daina ɗaukar wa kaina alkawari da rana a kan abin da zai faru da asuba. Mutumin da ke magana a taro da babbar riga, da wanda ke farkawa da gajeren wando, ashe ba su ma san juna ba.