Ɗari a Raba Bakwai

"Lafiya lau na kwana, tunda ban gan ki ba," in ji Baba. "Me kika ƙunso a ƙyalle? Gawa ta uku?"

"Kai Kaka, ko takalmi ba za ka bari in cire ba?"

Haka mahaifina Tokuji da 'yata Chizuru suke gaisawa, ni kuwa na daɗe da daina shiga tsakani, don duk wanda ya shiga shi ke jin kunya. Baba ya yi shekara goma sha tara a wata masana'anta nan garinmu Higashi-Osaka yana duba injinan lissafi irin na da, masu hannu da ake murɗawa. Inji ba ya fita ƙofa sai ya buga masa jan hatiminsa. Chizuru kuma ta ɗauko wa kanta aiki: ta tara tsofaffin hotunan injinan, ta sayi firintar nan mai tofa roba, wata huɗu tana fitar da faya-fayai masu haƙora tana haɗa nata injin lissafin. Ranar Lahadi za ta kai injin baje kolin masu ƙere-ƙere, kuma ta rantse ba zai je ba sai da hatimin kakanta. Sau biyu yana korar ta, yau ga shi Juma'a.

Ta kwance ƙyallen. Injin ya fito ruwan hoda.

"Wannan lissafi zai yi ko tallar alewa?"

"Robar da ta rage min ke nan. Kai da idonka ba ya bambance shinkafa da gishiri, ina ruwanka da launi?"

"Da kunne nake aiki, ja'ira. Na kori inji dubu ido rufe."

"Shekaranjiya ɗari biyar ka ce."

"Na tuno sauran."

Ya ɗaga injin da hannu ɗaya, ya yi tsaki. "Namu mutum biyu ke ɗauka. Wani ya faɗo wa manaja a ƙafa, har ya yi ritaya yana ɗingishi."

"Shi ya sa aka rufe ku. Kun gama da ƙafafun manajoji."

Na ajiye musu shayin sha'ir na koma gefe. Ni dai na san sau nawa yarinyar nan ta ƙone yatsu a kan robar.

Baba ya shafa lambobin, ya sa ɗari. "A raba bakwai," ya ce. Ya rufe ido, ya kama hannun ya fara murɗawa baya. Haka rabawa take a injinan nan, kowane juyi yana cire bakwai. Ya yi goma, ya yi goma sha huɗu, ya wuce ashirin yana ta murɗa kamar mai markaɗe, kunne a karkace.

"Kaka, tsaya! Tara-tara ce ta cika layin!"

Ya buɗe ido. "Ina ƙararrawar?"

"Tana nan mana. Na sa mata batir da 'yar lasifika. Da lissafi ya tashi daidai, babu saura, sai ta ce ƙil."

"Sai ta ce me?"

"Ƙil. An gama ke nan."

Baba ya yi dariya har ya sarƙe, sai da na buga masa baya. "An gama! Injin ɗumama abinci kika ƙera? Ke, ƙararrawar nan ba tafi take yi wa mutum ba, tsawa take yi masa. In ka ciri abin da babu, sai ta kaɗa, wato ka zarce, warware juyi ɗaya. Ɗari a raba bakwai yaushe zai tashi babu saura? Da na biye miki, sai a kai ni makabarta ina murɗawa."

"To a ina zan sani? Hoto yana da murya ne? Kai kuma in na tambaye ka sai ka kama labarin ƙafar manaja."

"Da me kika gwada shi?"

Ta yi ƙasa da kai. "Goma sha biyu a raba uku."

"Lissafin 'yan raino!"

"Ai daidai kai na zaɓo, na ce kada tsufa ya rikice."

Bakinta bai mutu ba, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Shi ma ya ji a muryarta. Ya sake kama hannun, ya murɗa gaba a hankali yana saurare, tara-taran nan suka zube ɗaya bayan ɗaya har lambobi suka dawo.

"Haƙoran nan wa ya goge miki?"

"Ni. Da takardar yashi."

"Hm. Ba sa cije wa juna." A bakin Baba wannan kirari ne. Ya juyo gare ni. "Ɗauko min gwangwanin shayin da ke bayan akwatin kaya."

A ciki akwai hatimin, da wata 'yar ƙararrawar tagulla kamar murfin kwalba. Ta injin ƙarshe ce da ya biyo ta hannunsa ranar da aka rufe masana'antar. Ni da aka haifa a gidan ban taɓa ganinta ba.

"Sata ka yi, Kaka?"

"Ajiya na yi. Cire wannan batirin naki, kada ya ba mu kunya."

Har rana ta karkata suna kai. Shi ke lanƙwasa waya, ita ke riƙe noti, ba su fasa zagin juna ba ko na minti ɗaya. Ya ce yatsunta kamar na mai dambe, ta ce nasa kamar busasshen kifi. Da suka gama ya sa ɗari, ya rufe ido. A juyi na goma sha biyar ƙararrawa ta kaɗa, siririyar ƙara mai daɗi. Ya murɗa gaba sau ɗaya, ya warware juyin da ya zarce.

"Goma sha huɗu, saura biyu," ya ce, bai ko duba ba.

Ya danna hatimi a jar tawada, ya hura masa iska, ya buga a gefen injin. Robar ta ƙi sha, tawadar ta zame ta yi dama-dama. Ya goge ya sake, haka dai.

"Kin gani? Ko hatimi ba ya yarda da roba."

"Kaka, don girman tsufanka..."

"Matso nan."

Ta matso, ya kama haɓarta, ya manna mata shi a tsakiyar goshi. Sunansa ya fito ja wur.

"Injin dai alewa ne. Wadda ta ƙera shi na duba, ta wuce."

Chizuru ta leƙa fuskarta a waya, tana dariya tana share ido. "Shi ke nan, ka ci. Ba zan wanke fuska ba sai bayan Lahadi."

"Da can wankewa kike yi?"