Ƙungiyar da Kowa Ke da Muƙami

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da na jawo wa kaina.

Bara bayan girbi na tashi kafa ƙungiyar taimaka wa matan da mazansu suka rasu a unguwarmu, nan Dangora. Ƙanena mai aiki a Kiru ya ce abu na farko a naɗa shugabanni. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ni da ko a rabon naman suna ban taɓa ɓata wa kowa rai ba.

Ranar da matan suka taru a tsakar gidana na ba Inna Delu shugaba. Goggo Hansai ta tsuke baki, sai na ba ta uwar ƙungiya. Ta kusa da ita ta yi tari, ta zama mataimakiyar uwa. Haka na bi su kaf, har da mai kula da buta da mataimakiyarta.

Da manoma suka kawo gudummawar masara, na ce masu buƙata su matso. Ba wadda ta motsa.

"Haba 'yar nan," in ji Inna Delu, "shugabanni su cinye kayan ƙungiya? So kike a ji mu a rediyo?"

Aka duba, ni kaɗai ce ba muƙami, na manta da kaina. Nan take shugabanni suka yanke cewa buhunan nawa ne.

Maigidana ya leƙo daga zaure: "Ni kuma yaushe na mutu?"

Masarar nan sai da na bi gida-gida ina roƙo a taya ni ci. Shi kuwa har yau Marigayi suke kiransa a majalisa, ni kuma duk gidan bikin da na shiga sai an tare ni da "Ya ƙarin haƙuri?" Ke ce, me za ki amsa musu?