Maganin Sanyin Injiniya Bitrus

Ko zan manta da komai na zamana a Kusada, ban da kwalbar Injiniya Bitrus.

Aikin malamin gona ne ya kai ni can, iyalina kuwa suna Katsina. Wata huɗu na yi ba abin da ke haɗa ni da mutanen gari sai "sannu Malam". Abokin hirata ɗaya ne, Bitrus, mutumin Jos mai haƙa rijiyar burtsatse. Da aikinsu ya ƙare ya tafi a gurguje, ya ce in kwashi abin da ya bari. Na samu risho da bokiti, da wata kwalba da aka ɓare wa takarda, ruwan cikinta kamar zuma. Na sha ganin yana kurɓa, yakan ce maganin sanyi ne.

Da damina ta kankama tari ya kama ni. Na yi bisimilla (Allah Ya yafe mini) na sha cokali guda. Da farko kamar na haɗiyi garwashi. Sai ƙauri ya biyo baya, irin na karan dawa da aka ƙona ruwa ya doke shi, can ƙarshe ɗan zaƙi ya kwanta a harshe. Kullum bayan la'asar sai in zauna bakin ƙofa ni kaɗai, in shinshina, in kurɓa a hankali, ina sa wa masu maganin Jos albarka. Kewar gida ma ta ɗan yi sauƙi.

Son shiga mutane ne ya kai ni ya baro. Ran nan na ji Mai Unguwa yana tari a majalisar ƙofar masallaci, sai na ruga na ɗauko kwalbar. Har lacca na yi musu (ni gwani!): a fara shinshinawa, kada a yi saurin haɗiyewa.

Mai Unguwa ya miƙo hannu, amma Baba Sule, wani tsohon soja, ya riga shi karɓa. Ya kai hanci, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, tun yaushe kake shan wanga abu?"

"Mako biyu ke nan, Baba."

"Wuski ce. Giyar Turawa, mai hayaƙin ma, wadda sai manyan hafsoshi."

Mai Unguwa ya janye hannunsa cikin riga. Aka ɗauki salati. Wani daga baya ya ce, "Ashe shi ya sa kwanan nan Malam ke ta fara'a."

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gida ba. Na tuttular da giyar ina istigfari, na kira Bitrus a waya. Ya ba ni haƙuri, sannan ya ce, "Amma duka ka zubar? Daga ƙasar Sikotilan fa aka kawo mini ita!"

Sai da na yi wata guda ina zagaye majalisar nan ta bayan gari. Tun daga lokacin, in abu ya yi mini daɗi fiye da kima, sai na sami tsohon soja ya shinshina kafin in yi wa jama'a tallarsa.