Delbert Ba Ya Mantuwa

"Shekara goma sha ɗaya ina jan gidan nan, ko cokali ban taɓa mantawa ba." Haka maigidana Delbert ya faɗa wa maƙwabta ranar da za mu bar sansanin tireloli, irin gidajen nan da ake ja da mota, a hamadar Arizona, ya turo tumbi gaba kamar shi ya ƙera motar.

Ni kuwa sauri nake mu kama hanya. Zafin Afrilu ya kawo kai, ga 'yarmu Marlys can Idaho, haihuwa yau ko gobe. Duk sanyin bana bargo nake saƙa wa jaririn, kuma na yi mata alkawari a cikinsa za a fara naɗe shi.

Ga yadda mu masu tirela muke yi don kada a manta wani aiki. Kowa yana jera maƙalan shanya a sitiyari, ɗaya na rumfa, ɗaya na tiyon ban-ɗaki, ɗaya na ɗaura tirela a mota. Ka gama aiki, ka cire nasa. Gogan naku ya kwashe namu ya zube mini a cinya, wai wannan sai masu ƙwaƙwalwar kaza.

Ya kama rumfa shi kaɗai, iska ta fizge ta, ta kifa ta a kan karen maƙwabcinmu Vern. Ya zare tiyon ban-ɗaki bai rufe famfon ba. Ba zan faɗi abin da ya cika masa takalmi ba, ina da 'ya'ya.

Vern ya toshe hanci ya ce, "Injiniya, turaren hanya ne wannan?"

Na buɗe baki zan tuna masa sauran aiki, ya ce surutuna ne ke rikita shi, sai da ya sa na rantse ba zan ƙara magana ba har gidan mai. Ya lafta kujeru a bayan mota har suka toshe madubi, ya ba ta wuta.

Mil sittin yana yabon kansa. Wai ji yadda mota ke tashi kamar ba ta jan komai, iya shirya kaya ke nan. Ni ina leƙen madubin gefena, ina murza maƙali ɗaya a hannu.

A gidan mai aka nuna masa ban-ɗaki, ya ce Allah ya kiyaye, shi da nasa yake yawo. Ya zaga baya yana fito, ya miƙa hannu zai kama ƙofa. Hannun ya kama iska.

Na sauko na maƙala masa maƙalin ɗaura tirela a aljihun riga. Abin da ya hana ni suma, bargon yana cikin jakata tun safe. Shekara talatin ina zaune da mutumin da ba ya mantuwa, ai na koyi wani abu.

Sai ga waya, Vern ne, ana ta dariya a bayansa.

"Injiniya, gaskiyarka ce fa. Na shiga na ƙirga, cokulanka duk suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba. Yaushe za ka zo ka ɗauki gidan da suke ciki?"