Rasuwar Bindigar Taya ta Gidan Malam Hachimou

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Mansoura, matar Malam Hachimou mai gyaran mota a unguwar Jadid, ina sanar da 'yan uwa mazauna Sabha da kewaye rasuwar bindigarmu ta iska, mai kwance notin taya. Ta cika ranar Litinin da hantsi a hannun maigidan, tana kan noti na uku na motar wani manomi daga Wadi Bawanis. Shekararta biyu da wata huɗu a gidanmu.

Ni na zaɓo marigayiya. Ranar da muka je shago, maigidan ya ɗora ido a kan wata ƙatuwa mai hannu biyu. Na tambayi mai shago ko ƙaramin kwamfaresanmu zai iya ciyar da ita iska, ya girgiza kai. Sai na ɗaga wannan da hannu ɗaya, ga goyo a bayana, na ji ba ta fi turmin yaji nauyi ba, na nace sai ita. Akwai dalili na biyu da ban faɗa ba. Ƙatuwar ta manyan motoci ce, su kuwa manyan motoci Sahara suke shiga. Kafin zuwan marigayiya, maigidan yana bin su zuwa Agadas yana kula da tayoyi. An taɓa yin kwana tara ba labarinsu, motar ta mutu a tsakiyar rairayi. Ya dawo leɓe a fashe, abokan tafiyarsa biyu ba su dawo ba.

Marigayiya ta zaunar da shi a ƙofar gida. Ba ta taɓa gardama da noti ba, komai tsatsarsa. Ta hutar da gwiwar maigidan daga hawa kan bututun da yake zura wa sifana yana tsalle don a kwance taya ɗaya. Ba ta cin zaren noti, ba ta da mita. Muryarta dai tarrr, tat-tat-tat, sai ɗan huci idan ta gama. Ina cikin madafa in na ji wannan hucin, na san mijina yana bayan bango, lafiya lau.

Game da ciwon ajalinta, dole in faɗi gaskiya, don an fara zargin mai shago, alhali bawan Allah ba shi da laifi. Kowace safiya maigidan kan ɗiga mata mai sau uku a bakin da iska ke shiga, daga wata 'yar kwalba. Wata biyar da suka wuce na tarar da ɗiyata Hindatou da kwalbar a baki. Mun wuni a asibiti tana amai. Da muka dawo na zubar da abin da ya rage, na wanke kwalbar, na cika ta da man girki. A ganina mai mai ne, kuma wannan ko ta sha ba zai kashe ta ba. Ban gaya wa kowa ba. Duk sanda ya ragu, ni nake ƙarawa.

Da farko muryarta ta yi laushi, har na ji daɗi. Daga baya ta fara nauyin tashi da safe. A makon ƙarshe sau da yawa iska kawai take fitarwa, fuuu, kanta ba ya juyawa. Malam Soumaïla mai warsha, wato wurin gyaran injuna, a hanyar Ghuddwa ya sansana bakinta, ya ce cikinta ya daskare kamar ƙanzo, bai kuma gane dalili ba. Maigidan ma bai sani ba, ba kuma zai sani ba sai wannan takarda ta iso hannunsa. Baban Hindatou, ka yafe mini. Na kasa faɗa da baki.

Ta rasu ta bar kwamfaresa, wanda tun Litinin bai ce uffan ba, da tiyo mai faci biyu, da kawunanta shida na kama noti a gwangwanin madara. Ta bar motoci uku a ƙofar gida, ɗaya a kan duwatsu. Ta bar maigida wanda jiya ya ciro tsohuwar jarkarsa ta ruwa yana sake ɗinke mata buhu, domin wani direba ya ce yana neman mai taya zuwa Agadas.

Za a yi wa gawar wanka da fetur ranar Alhamis bayan la'asar, a warshar Malam Soumaïla, wanda ya ce zai buɗe ta amma bai yi alkawari ba. In ba ta motsa ba, za a naɗe ta a tsohon zanena a sa ta ƙarƙashin gado. Ana karɓar gaisuwa a gida, mata a ɗaki, maza a ƙofa. Ba ma bukatar a kawo abinci. Wanda ke da bindiga irinta da zai ara mana ko na wata ɗaya ne, ya zo da ita. Wanda ba shi da ita amma maigidan yana jin maganarsa, ya zo ya zauna kusa da shi.

Motar Agadas za ta tashi Asabar bayan sallar asuba. Ina roƙon masu zuwa gaisuwa, don Allah kada ku bari sai Asabar.