Rasuwar Faifan da Ke Nemo wa Kalilu Jini

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Asiya matar Abdussamadu, mai buga kwamfuta a ofishin aikin gona na nan Birnin Kebbi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar faifan kwamfutata, baƙi mai laushi, wanda ya cika a Argungu cikin daminar nan ta 1990.

An haifi marigayin a hannuna da hannun Paulina, abokiyar aikina, bayan likita ya ce ɗana Kalilu yana da sikila, ƙarin jini zai zame masa abokin tafiya. Muka bi ma'aikata da leburori da manoman shinkafar Zauro, duk wanda ya yarda aka auna shi, muka zuba shi a faifan. Kowane mutum da ƙunshinsa: suna, unguwa, shekaru, irin jini, da lokacin da ya bayar na ƙarshe. Paulina ta rubuta ɗan umarnin da ke tankaɗe su.

Marigayin ba shi da surutu. In idon Kalilu ya yi fari na zura shi a na'ura, sai ya ce "gurrr, ƙat, ƙat," ya zubar da duk wanda jininsa bai dace ba, ya zubar da wanda bai daɗe da bayarwa ba, ya zubar da na nesa. Cikin waɗanda suka rage ma abu biyu kawai yake tsamo mini, suna da unguwa, don su nake buƙata in hau bayan babur. Bai taɓa tona shekarun wata mata ba. Kuma wanda ya tsallake yau bai kore shi ba, yana nan ciki har ranar da za a neme shi.

Ajalinsa ya zo ta hanyar ƙauna. Mun je suna Argungu, na tafi da shi a jaka don ban yarda da ɗigon rufin ofis ba. Surukata, Inna Riskuwa, ta gan shi ta tambaya, na ce mata bayan Allah wanga shi ke riƙe da ran jikanta. Ina can wajen tukunyar tuwo ta ɗauke shi ta kai wa baduku, tana faɗan wane irin sakaci ne a bar abu mai tsare yaro tsirara cikin jaka. Aka ninke shi huɗu, aka ɗinke da jar fata, ɗinki mai kyau wallahi, aka rataya wa Kalilu a wuya.

Da muka dawo Birnin Kebbi na farke ɗinkin, na danne shi da dutsen guga mai sanyi, na zura a na'ura. Ya ce "ƙat" sau ɗaya, ya yi shiru.

Ya rasu ya bar na'ura da bakinta buɗe, da ƙaninsa da muka kwafa wanda raɓa ta riga ta cinye, da katunan asali da muka fara rubuta sunayen a kai, waɗanda gara ta yi walima da su, da Paulina da aka mayar Sakkwato. Ya bar Inna Riskuwa tana kuka, ni kuma ban iya yi mata faɗa ba. Ya bar Kalilu, wanda tun jiya ya ƙi nono, tafin hannunsa ya fara fari. Na zauna in tuno sunayen da kaina, fuskoki ke zuwa, jininsu ba ya zuwa.

Za a binne marigayin gobe bayan la'asar a gindin dogonyaron gidanmu da ke unguwar Nasarawa. Zaman makoki kuwa ba gida za a yi ba, a bencin ɗakin gwajin jini na asibiti ne. Kada a kawo goro ko hatsi. Duk wanda ya tuna mun taɓa rubuta sunansa, don Allah ya karya kumallo sosai, ya zo da riga mai saukin naɗe hannu.